Rigar Audugar Jarumi Tahidu

A unguwar Aboabo, cikin Tamale, an yi wata yarinya 'yar aji biyar. Tana da wayo, tana da saurin hannu. Aibinta ɗaya ne, ba ta iya jira.

Lokacin abubuwa ba su gama daidaita ba. Mutane ba su manta da yunwar shekarar tamanin da uku ba. Famfo yakan yi mako bai ɗiga ba. Wutar lantarki kuwa ran Laraba da ran Asabar take zuwa layinsu, daga la'asar zuwa magariba.

A shekarar ne Kawu Kadiri ya dawo daga Jamus. Ƙanen Mma Salimatu ne, mahaifiyar yarinyar. Shekara shida ba a gan shi ba. Maƙwabta sun zaci mota zai kawo. Sai ga shi da jaka ɗaya, da 'yar talabijin, da wata na'ura mai maɓallai kamar tafireta.

"Wannan fa?" in ji Mma.

"Kwamfuta ce, Yaya."

"Tana niƙa masara?"

"A'a."

"To, ajiye ta inda ba za a yi tuntuɓe da ita ba."

A cikin kwamfutar akwai wasa. Ba ya fitowa sai an sa kaset a rikoda. Kaset ɗin ya yi ta kuka kamar gyare har minti goma. Daga nan sai wani ɗan mutum ya bayyana a talabijin, bai fi babban yatsa ba. Jarumi ne na zamanin da, zamanin takobi da garkuwa. Aikinsa shi ne ya kai wani birni mai ganuwa. Wani ƙato ya tare gadar birnin, ya hana mutane fita gona.

Yara uku ne suka ɗauki wasan da gaske. Akwai yarinyar. Akwai ƙanenta Zubeiru, ɗan aji biyu. Sai Akwasi, ɗan wata malamar makaranta daga Kumasi da ke haya a gidansu. Akwasi ne ya fi su Turanci, shi yake karanta abin da ya fito. Yana kuma da wani tsohon littafi da yake rubuta komai a ciki.

Suka sa wa jarumin suna Tahidu, don harafi shida kawai na'urar ke karɓa.

Ranar farko Kawu ya yi musu bayani.

"Ku duba nan. Tahidu yana da rai ashirin. Duk bugun da ya same shi, ran yana raguwa. In ya ƙare, sai ya faɗi, ku koma baya."

"To me zai kare shi?" in ji Zubeiru.

"Kayan jikinsa. Kwalkwali don kai, garkuwa don hannu, riga don ƙirji. Kowane kaya yana da lamba biyu, ta kariya da ta nauyi. In kaya ya yi masa yawa, ko ƙafa ba zai iya ɗagawa ba."

"Kamar jakin mai itace," in ji yarinyar.

"Kamarsa. Daga nan kuma ba ruwana. Jaruminku ne, ku za ku yi shawara."

Ya nuna musu wani kaset na biyu. A kansa ake ajiye inda aka tsaya. Guda ɗaya ne tak, kuma duk sabuwar ajiya tana goge tsohuwa.

Saboda haka yaran suka yi alkawari. Ba mai taɓa kayan Tahidu, ba mai taɓa kaset ɗin ajiya, sai su ukun suna nan.

Mako bakwai suna tafe. Tahidu ya ratsa daji, ya hau dutse. Ya samu takobi, ya samu garkuwa, ya samu wani gatari da Zubeiru ke so kamar me. A jikinsa akwai rigar fata. A ƙarƙashinta kuma akwai wata 'yar rigar auduga mai faci, wadda ya fara tafiya da ita.

Rannan ana cin tuwo, Kawu ya ce, "Ran Lahadi zan wuce Takoradi. An ce ana ɗaukar ma'aikata a tashar jirgin ruwa."

"Kai dai ƙaiƙayi ne a tafin ƙafarka," in ji Mma. "Wata nawa ka yi a gida?"

Zubeiru ya ajiye lomarsa. "Da kwamfutar za ka tafi, Kawu?"

"Da ita, ɗana."

Yaran suka dubi juna. Saura Laraba, saura Asabar. In ba su ka da ƙaton ba a kwana biyun nan, shi ke nan. Mutanen birnin za su zauna a kulle har abada.

Ran Litinin da rana, abin da ba a saba ba ya faru. Yarinyar tana share ɗakin Kawu, sai ta ga ƙwan fitila ya kama. Wuta ta zo ba ranarta ba!

Makarantar safe ta yi a makon. Akwasi da Zubeiru suna makarantar rana. Kawu ya fita yawonsa a keke. Mma tana kasuwa.

"Zan ɗan rage mana hanya ne kawai," in ji ta a ranta.

Ta sa kaset. Ta ja Tahidu ya shiga wani kogo. A ƙuryar kogon akwai akwati. Da ta buɗe, sai ta yi ƙara ita kaɗai.

Sulke ne na baƙin ƙarfe, zobba-zobba, yana walƙiya. Kariyarsa takwas! Rigar fata uku ce kawai.

Ta sa wa Tahidu sulken. Ta tura sandar wasa, wadda ake tuƙa Tahidu da ita. Tahidu ya ƙi motsi. Kaya ya yi masa yawa.

Ta duba lambobin. Nauyin sulke biyar. Rigar fata uku, rigar auduga biyu. Uku da biyu, biyar. Ta jefar da rigar fata. Ta dubi ta audugar. Kariyarta ɗaya tak.

"Wannan tsumman me yake yi mana?" ta ce. Ta jefar da ita a ƙasan kogon.

Tahidu ya taka, sulke yana sheƙi. Ta ratsa da shi wata fadama mai hanyoyi barkatai, tafiyar rabin awa. Ta kai shi wani masauki. Hannunta ya ɗan tsaya a kan kaset ɗin ajiya. Ta tuna alkawari. Amma ta danna.

Ran Laraba, da wasan ya fito, Akwasi ya zaro ido.

"Ei! Ina ne nan? Wa ya taɓa?"

"Ni ce. Wuta ta zo shekaranjiya. Amma ku duba abin da na samo mana."

"Mun yi alkawari fa."

"Takwas, Akwasi! Kariya takwas!"

Zubeiru ya riga ya manne hancinsa a talabijin. "Kai! Tahidu ya zama soja!"

Akwasi ya ɗaure fuska, amma ya buɗe littafinsa ya rubuta takwas. Jerin kayan Tahidu a wani shafi na cikin wasan yake. Yarinyar ba ta buɗe shafin ba, ba ta kuma ce komai a kan rigar auduga ba.

Suka kama hanyar gada. Wani ɗan fashi mai takobi ya tare su. Ya kai sara. Ran Tahidu ko gezau bai yi ba. Ya sake sara, bai ragu ba.

"Kun gani?" in ji yarinyar. "Da kun ce in jira!"

Can gaba sai ga wasu mutum uku da kulake. Yaran ba su damu ba. Sun sha haɗuwa da irinsu a daji.

Na farko ya ɗaga kulki. Ƙum! Rai huɗu ya tafi.

"Huɗu?" in ji Akwasi.

Ƙum! Wani huɗun. Kafin su ankara, Tahidu yana kwance a ƙasa.

Suka sake sa kaset, suka jira minti goma. Suka sake zuwa, aka sake kayar da shi. Sau uku ana haka.

"Na'urar ta lalace," in ji Akwasi.

Kawu yana bakin ƙofa yana gyara sarƙar kekensa. Ya leƙo ya girgiza kai. "Ba ta lalace ba. Ni ma haka suka yi mini. Wurin nan ba a wuce shi."

Ana kiran sallar magariba wuta ta ɗauke. Zubeiru ya fita yana share ido da bayan hannu. Saura Asabar kaɗai.

Washegari da sassafe, Mma da yarinyar suka tafi dam ɗebo ruwa. Hanyar da nisa. Mata da yara sun yi jeri, kowa da bokiti ko kwano.

Hankalin yarinyar ba ya jikinta. Sai da aka cika bokitin ƙarfe aka ɗora mata, sannan ta tuna ta bar gammonta a gida. Ta kama tafiya a haka.

Duk takun da ta yi, gindin bokitin sai ya doki tsakar kanta. Ta ciji leɓe. Ba ta yi taku ɗari ba hawaye suka zubo.

Mma ta waiwayo. Babban kwano ne a kanta, cike fal, amma ko ɗigo bai zuba ba.

"Ke, ina gammonki?"

"Na manta, Mma."

Mma ta kira wata mata ta taya su saukewa. Ta kwance wani tsohon ƙyalle daga ƙugunta. Ta murɗa shi, ta naɗe, ta ɗora a kan 'yarta. Aka mayar da bokitin.

"Taka in gani."

Yarinyar ta taka. Bokitin dai shi ne, ruwan ma shi ne. Amma zafin ya tafi.

Ta yi taku uku, ta tsaya cak.

"Lafiya?" in ji Mma.

"Mma, na yi laifi."

Suna tafe tana faɗa. Ta faɗi zancen wutar Litinin, da sulken, da rigar da ta jefar, da kaset ɗin da ta danna. Mma ba ta taɓa zama gaban talabijin ɗin ba. Ba ta karanta Turanci. Amma ta saurara har ƙarshe.

"Waɗanda suka kayar da shi, me ke hannunsu? Wuƙa ko sanda?"

"Kulake."

"Mai wuƙar fa?"

"Bai yi masa komai ba."

"To, ai magana ta fito. Ƙarfe yana tare kaifi. Amma ƙarfe ba ya shan duka. Miƙa shi yake yi ga abin da ke ƙarƙashinsa. Kanki ya gaya miki yanzu. Tsumma ne yake shanye duka."

"Amma kariyarta ɗaya ce kawai, Mma. Na gani a rubuce."

"Ni ban san rubutunsu ba. Shekara talatin dai ina ɗaukar kaya a ka. Wanda ya ƙera wasan nan, in yana da hankali, ya san abin da na sani."

Sai Mma ta ƙara da cewa, "Ni ba ki yi mini laifi ba. Waɗanda kika yi wa suna gida."

Da yamma yarinyar ta same su a gindin dalbejiya. Kawu ma yana nan. Ta faɗi komai, kanta a ƙasa.

Akwasi ya miƙe tsaye. "Mako bakwai! Jarumin namu ne mu uku, ba naki ba ne ke kaɗai. Kuma jiya kina zaune kina ji ina cewa na'ura ta lalace!"

"Ka yi haƙuri, Akwasi. Zubeiru, ka yi haƙuri."

Akwasi ya fizgo littafinsa yana buɗe shafuka da ƙarfi. Can sai hannunsa ya tsaya.

"Ei! Ku zo ku gani. Mako na biyu, mai kulki, rai ɗaya. Mako na huɗu, mai kulki, rai ɗaya. Mai takobi kuwa uku. Jiya mai takobi babu, mai kulki huɗu." Ya ɗago kai. "Gaskiyar Mma ce!"

Kawu ya karɓi littafin ya daɗe yana dubawa. Sai ya dafe kai ya fashe da dariya.

"Wayyo ni Kadiri! Ranar da na fara wasan nan a Jamus na jefar da rigar. Na ce tsumma ce. Shekara biyu masu kulake suna jibgata a wuri ɗaya!"

Har Akwasi sai da ya murmusa.

"Rigar tana nan a kogon?" ya tambaya.

"Tana nan. Na san hanya. Amma rabin awa ce zuwa, rabin awa dawowa."

"Awa biyu muke da ita. Zai yiwu, in ba mu ɓata ba. Sai dai in Tahidu zai sa riga da sulke, dole ya ajiye wani abu." Ya duba littafin. "Gatari."

"Gatarina?" in ji Zubeiru.

Bisa jeri, ran Asabar yarinyar ce za ta riƙe sandar wasa. Ta daɗe tana mafarkin ita za ta ka da ƙaton. Ta dubi ƙanenta.

"In ka yarda, kai za ka yi faɗa da ƙaton. Na bar maka."

"Da gaske, Yaya?"

"Da gaske. Amma sai in Akwasi ya yarda."

Akwasi ya dube ta. "Yanzu kika yi tambaya. Na yarda."

Ran Asabar tun azahar suke zaune suna kallon ƙwan fitila. La'asar ta yi, shiru. Sai da aka idar da salla ya kama. Kaset ya yi kukansa, yau kamar ba zai gama ba.

Zubeiru ya riƙe sanda. Yarinyar ta durƙusa kusa da shi.

"Hagu a wajen kututturen nan. Miƙe. A'a, kada ka bi nan, taɓo ne. Dama. Yawwa."

Ba su ɓata ko sau ɗaya ba. A ƙasan kogon, ga 'yar rigar nan a yashe, da facinta.

Zubeiru ya ja dogon numfashi. "Sai wata rana, gatari." Ya danna. Tahidu ya sa rigar auduga, ya ɗora sulke a kai.

Suka juyo, suka sake ratsa fadamar. Masu kulake suna nan inda suke. Na farko ya kai duka.

"Ɗaya!" Akwasi ya yi ihu. "Rai ɗaya!"

Nan da nan Tahidu ya watsa su. Ya huta a wata bukka, ransa ya cika. Da suka hango gadar, rana ta riga ta sauka bayan katanga.

Ƙaton ya cika rabin talabijin. Kulkinsa ya fi Tahidu tsawo.

"Wannan ne?" wata murya ta ce.

Mma ce a bakin ƙofa, muciya a hannu. Kawu ya yi maza ya ba ta kujera.

Ƙaton ya sauke kulki. Rai uku ya tafi. Tahidu ya kai sara. Ƙaton ya sake bugu. Saura goma sha huɗu.

"Garkuwa, Zubeiru! Ɗaga garkuwa!" in ji Akwasi.

Sara, bugu. Sara, bugu. Saura takwas. Yarinyar ta ji yatsunta suna ƙaiƙayi. Tana so ta fizge sandar. Sai ta tura hannayenta ƙarƙashin cinyarta ta zauna a kansu.

"Kana yi daidai, ƙanena. Jira ya ɗaga hannu tukuna."

Saura biyar. Saura biyu.

"Kai, ɗan nan, sare shi mana!" in ji Mma, tana kaɗa muciya.

Ƙaton ya ɗaga kulki sama. Zubeiru ya danna. Ƙaton ya yi tangaɗi, ya yi baya, ya faɗa ruwa.

Sai ƙofar birnin ta buɗe a hankali. 'Yan ƙananan mutane suka fito a jere, suna ta tsalle a kan gada.

Ihun da yaran suka yi, har maƙwabta sai da suka leƙo. Akwasi ya ɗaga Zubeiru sama. Kawu kuwa ya zube a gaban yayarsa.

"Yaya Salimatu, na je har Jamus ban ga ƙofar nan a buɗe ba. Ke daga hanyar dam kika buɗe ta."

"Tashi, kada ka ɓata wandonka," in ji Mma, tana dariya. Ta juya wajen 'yarta. "Ke kuma, me kika samu a ciki? Ko taɓa sandar ba ki yi ba."

Yarinyar ta yi ɗan tunani.

"Na koyi kada in raina abu don ba shi da kyan gani. Yana iya yin aikin da ban sani ba. Kuma abin da muka haɗa da wasu, ba zan ƙara yanke masa hukunci ni kaɗai ba. Zan jira, in yi tambaya."

"Kin koyi babba," in ji Mma.

Akwasi ya buɗe shafin ƙarshe na littafinsa. Ya rubuta kwanan wata. A ƙasa ya rubuta sunayen waɗanda suka buɗe birnin. Ya rubuta uku, ya tsaya, ya ɗan sosa kai da fensir.

"Mma, yaya ake rubuta Salimatu?"

Yarinyar ta matso kusa da shi. "Kawo in nuna maka," ta ce, tana miƙa hannu. Sai ta janye hannunta. "In ka yarda."

Akwasi ya miƙa mata fensirin.